Gidan gwamnati, zinaren uwargida da maganar Yaya: wanne zan bi?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Sakkwato, shekarata 42, shekara 14 ke nan ina aiki. Albashina bayan haraji da fansho naira dubu 185 ne, ana kuma cire mini dubu 20 na bashin ƙungiyar ofis, saura wata takwas in gama. Muna haya a Mabera da matata da 'ya'ya biyar. Bana mai gida ya mai da hayar daga dubu 350 zuwa dubu 500. Wani dillali ya ce akwai ciki biyu da falo a rukunin gidajen gwamnati a bayan gari, miliyan 12, in biya kashi goma cikin ɗari, sauran a riƙa cira a albashi. Amma yana son dubu 300 ya sa sunana. Matata ta ce za ta sayar da zinarenta, zai kai miliyan ɗaya da rabi, da sharaɗin a sa sunanta a takardar gidan. Gaskiya maganar ta sosa mini rai. Yayana kuma ya ce riba ce, kada in kuskura, in je in gina filina da ke hanyar Wamakko, wanda takardar mai unguwa kawai nake da ita. Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Magidancin da mai gida ya tsaya masa a ƙofa da sabon farashi, ga yara biyar a ɗaki, ba a ce masa ya yi gaggawa don ya ji ana maganar gida ya miƙe. Sai dai abu huɗu ka haɗa a ƙullin guda, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Bari mu fara sauke mafi sauƙi.

Kada ka ba dillalin nan ko sisi. Gidan gwamnati ba a shigarsa ta aljihun wani. Na tarayya, irin rukunin gidaje 250 na shirin Renewed Hope da aka ware wa Sakkwato a 2024 tare da wasu jihohi 11, a shafin intanet na Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ake nemansu, kuma duk kuɗin da za ka biya ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, yake shiga asusun gwamnati, a ba ka rasit mai lamba. Na jiha, irin na Kalambaina ko Gidan Salanke ko Wajake, Ma'aikatar Filaye da Gidaje ta jiha ce ke da ta cewa. Ka tambayi mutumin sunan rukunin da lambar gidan, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin da abin ya shafa, ka ce a nuna maka farashi da sharuɗɗa a rubuce. In ya fara cewa “ai an kusa rufewa, yau ko gobe ne”, to ya gaya maka ko shi wane ne. Abin da ya fi faruwa da masu bin wannan hanya shi ne a ba su takardar rabo mai hatimi, ranar tarewa su tarar wani na shanya a tsakar gidan da tasa takardar. Ko da takardar ta gaske ce wani ya sayar maka, yawancin waɗannan gidaje ba a yarda a canza sunan mai su ba sai an gama biya, ka ga kuɗinka ke fita, sunan wani ke littafi.

Yanzu lissafi, don shi ne zai yanke rabin gardamar gidanku. Gidan rangwame ba kyauta ba ne, bashi ne mai sauƙi. Hanyar da ma'aikaci irinka ya fi bi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda dokar 1992 ta kafa, bankin lamunin gidaje na tarayya FMBN ke riƙe da shi. Kashi biyu da rabi cikin ɗari da kake gani ana cira a takardar albashinka can yake tafiya. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, tsawon biya har shekara 30, kuma an ɗaga iyakar abin da ake bayarwa daga miliyan 15 zuwa miliyan 50. Mutane na jin shekara 30 da miliyan 50 sai ransu ya yi fari. Amma abu biyu ke rage maka hannu: shekarun da suka rage maka a aiki, da ƙa'idar cewa biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu.

Ritaya na zuwa ne da cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, wanda ya riga zuwa; kai za ka cika 60 kafin ka cika shekara 35 a aiki, saboda haka shekara 18 ce taka, ba 30 ba. A shekara 18, kowace miliyan ɗaya da ka ranta za ta ci kimanin naira 7,600 a wata. Gidan miliyan 12, ka ba da kafin alƙalami miliyan ɗaya da dubu 200, saura miliyan 10 da dubu 800, biyan wata ya kama wajen dubu 82. Sulusin albashinka bai kai dubu 62 ba. Ka ga a yadda dillalin ya tsara maka, banki ma ba zai amince ba, kuma ko ya amince ni ba zan so maka ba, don dubu 103 ba ta riƙe mutum bakwai da kuɗin makaranta a Sakkwaton yau. Abin da ƙarfinka zai ɗauka shi ne bashin kusan miliyan 8, biyan wata dubu 61. Ma'ana, in gidan nan kake so, abin da za ka tara a hannu ya doshi miliyan 4, ba miliyan ɗaya da ɗoriya ba. Bashin ƙungiyar ofis ma ana lissafa shi, don haka wata takwas ɗin nan ka bari ya ƙare tukun, kada ka ɗora wani a kansa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa, akwai gefen da ke faranta rai. Hayar dubu 500 dubu 42 ce a wata, kuma ba ka da tabbacin baɗi za ta tsaya nan. Biyan lamunin kuwa yadda aka rubuta shi ranar farko haka zai zauna har ƙarshe, albashi na ƙaruwa shi yana nan. Shi ya sa shekara uku ko huɗu na farko ne masu zafi.

Akwai wata ƙofa da ba ka ambata ba. Tun Satumbar 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba mai asusun fansho damar ɗaukar har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara don biyan kafin alƙalamin lamunin gida, muddin ya yi wata 60 ana zuba masa, kuma saura masa aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Ka cika duka biyun. Kuɗin ba hannunka zai shigo ba, kamfanin fanshonka zai tura wa bankin kai tsaye bayan ka kai takardar tayin gidan, ba za a ba da fiye da kafin alƙalamin da bankin ya rubuta ba, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Ka sani dai daga abincin tsufanka kake yanka. Ka nemi kamfanin ya ba ka bayanin asusunka a takarda, ka raba huɗu ka ga nawa ne.

Ka kuma binciki zubinka na NHF tun yanzu. Sau da yawa ana cira a albashi amma bai isa littafin banki da sunan mutum ba, ko an sauya masa wurin aiki lambarsa ta rabu biyu, ko sunan da ke katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar albashi da harafi guda. Irin wannan ƙaramin abu ke kwantar da fayil wata da watanni. Ka je reshen FMBN na Sakkwato da lambarka ta NHF da takardun albashi na wata uku zuwa shida na baya, da takardar kama aiki da ta tabbatarwa, da shaidar haihuwa da ta biyan haraji, a buga maka bayanin zubinka. Shi lamunin kansa ta hannun bankin lamunin gidaje mai rajista da FMBN yake bi, don haka ka nemi jerin waɗanda aka amince da su. Ka tambayi kuɗaɗen gefe a rubuce: na lauya, na mai ƙiyasta darajar gida, na rajistar jingina, na inshorar gobara da ta rai. Ba a cika faɗarsu da wuri ba, sai mutum ya zo sa hannu ya ji ana neman wasu dubban ɗaruruwa.

To, Yaya. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin baƙin ciki ko rashin wayewa. Kashi 6 ɗin nan kuɗin ruwa ne a kan bashi, sauƙinsa bai canza masa suna ba, kuma malamai da yawa riba suke kiransa. A kan miliyan 8, cikin shekara 18 za ka biya sama da miliyan 13. Mutumin da zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko ya tare a gidan ba zai ji daɗin barci a ciki ba. Amma tsakanin karɓar bashi mai ruwa da haƙura da gida gaba ɗaya akwai fili mai faɗi. FMBN ya sanar da tsarin haya zuwa mallaka marar ruwa bisa ijara, inda banki ke mallakar gidan, kai kana biyan haya da wani kaso na farashi har ya zama naka. Bankunan Musulunci irin Jaiz da TAJ suna da nasu, kodayake ribarsu ta fi ta asusun gwamnati tsada kuma lokacin biya ya fi gajarta. Sannan a gidajen tarayya akwai zaɓin saye kai tsaye daga ma'aikata a biya kashi-kashi. Ciniki a kan farashi guda da aka yanke tun farko, ko da ya ɗara na kuɗi hannu, jumhurun malamai sun halatta shi. Matsalarsa ita ce lokacin gajere ne, sai mai ƙarfi.

Abin da zan ce ka yi da Yaya shi ne kada ku yi ta musu a kan jita-jita. Ka karɓo kwafin yarjejeniyar da za a sa ka sa wa hannu, ku ɗauka tare ku kai wa malamin da ku biyun kuka yarda da shi, wanda ya san fiƙihun ciniki. Sakkwato ba ta rasa irinsu ba, a zaure ko a jami'a. A duba abu uku: wa ke da gidan lokacin da kake biya, farashin a yanke yake ko yana motsi, kuma in ka makara da biya tarar da za a ɗora ina take tafiya. Ka ce masa, “Yaya, na ji maganarka, zo mu je a karanta mana takardar.” Wannan zai tsare masa girmansa, kai kuma ya ba ka amsar da za ka tsaya a kai.

Maganar uwargida ce na fi so ka zauna da ita, don nan ne ciwon yake. Ka ce ta sosa maka rai, na kuma gane dalili: ka ji kamar ta ce ba ta yarda da kai ba. Amma dubi abin daga inda take tsaye. Zinaren mace shi ne rumbunta. Wata awarwaron na mahaifiyarta ne, wata sarƙar da kuɗin adashe na shekaru ta haɗa ta, shi take kallo in ta tuna ranar ciwo ko auren ɗiya. Ta ce za ta kwance shi duka ta zuba a bangon da zai rufa muku asiri. Wannan ba aikin mai shakka ba ne. Abin da take tsoro ba kai ba ne, ranar da ba ka nan ce. In babu rubutu, gidan gaba ɗaya gado ne: ita tumuni ne rabonta tunda akwai 'ya'ya, in ka ƙara aure su raba tumunin, in mahaifiyarka na raye tana da sudusi. Zinarenta ya narke cikin rabon kowa, sai ta koma neman shaidu a kotu tana cikin takaba. Ta ga an yi wa wasu, kai ma ka gani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware miji da mata ba.

Hanya uku ce, ku zaɓi ɗaya ku kira ta da sunanta. Ko kyauta ce, wadda ba ta ce ba, kai ma kada ka matsa mata ta ce. Ko bashi ne. In bashi ne, kada ku rubuta shi da naira, don nairar yau ba ita ce ta shekara goma masu zuwa ba. Ku je wurin maƙerin zinare a auna, a rubuta giram nawa ne, karat nawa ne, ta ranta maka zinaren kansa, ka sayar, ranar biya ka mayar mata da irin nauyinsa. Ko kuma tarayya ce, wadda ita ta nema: miliyan ɗaya da rabi cikin miliyan 12 kashi ɗaya cikin takwas ne na gidan, mallakarta tun kana raye, ba ya shiga gado. Ka tambayi banki ko za su yarda da suna biyu a takarda. In tsarinsu bai ba da dama ba saboda kai kaɗai ke zubi, lauya ya rubuta muku yarjejeniya dabam, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga danginta ɗaya daga naka, kuma zai yi kyau Yaya ne. Kowa ya riƙe kwafi. Sharaɗi ɗaya zan ƙara: kada zinaren nan ya bar akwati sai takardar tayi ta gaskiya ta zo hannunka kuma banki ya amince. Zinare na jira bai yi asara ba, kuɗi kuwa in suka shigo gida mai yara biyar ƙafa gare su.

Kafin duk wannan, je ka ga gidan da idonka, ba sau ɗaya ba. Ka je da tsakar rana ka tsaya cikin ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, ka ɗaga kai ka ga tsayin silin da kaurin kwano, ka tuna watan Afrilu. Ka koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda ya kwanta, ka nemi tabon yoyo a silin, ka duba ko katakon rufi an ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango, don iskar farkon damina a nan ba ta wasa da kwano. Tsagar filasta siririya ba komai ba ce, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ta gangara ƙasa, fandisho ne ke magana. Ka buɗe murfin sokawe. Ka ƙwanƙwasa ƙyauren ka ji ko gara ta riga ka tarewa. Sannan ka sami wanda ya riga ya zauna a rukunin ka tambaye shi ruwa: famfo na zuwa, ko rijiyar burtsatse ce, ko kurar 'yan garuwa nawa take? Ka lissafa kuɗin kabu-kabu ko man mashin zuwa ofis da makarantar yara kwana 22 a wata, ka ɗora a kan dubu 61 ɗin. Gida mai araha a nesa wani lokaci a hanya yake karɓar cikon kuɗinsa. Yawancinsu kuma ba katanga ake ba da su, iyalinka kuwa ba za su zauna a buɗe ba. Ga ɗaki biyu da yara biyar, maza da mata suna tasowa, dole ka tambaya a rubuce ko an yarda ka ƙara ɗaki kuma filin zai ɗauka.

Filinka na hanyar Wamakko, ko me ka yanke, ka fara nema masa takarda a watan nan. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, banki ba ya karɓarta jingina, kuma in aka zo fitar da hanya mai ita ne ke shan wahalar diyya. Ka kai takardar cinikin ofishin SOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Sakkwato, a bincika ko filin bai faɗa cikin shatar gwamnati ba, safiyo ya auna ya kafa duwatsu, ka shigar da neman takardar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, sannan zanen gini ya sami amincewar hukumar tsara birane ta jiha. Da waɗannan a hannu, FMBN ma yana da lamunin gina fili naka, ana sakin kuɗin mataki-mataki, sai dai shi ma da ruwa, maganar Yaya na nan.

In kuwa da guminka za ka gina, kada ka zana gidan da zai fi ƙarfinka. A zana cikakken gida, amma a fara da ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki a gefe guda, yadda za a ƙara ba tare da rushe komai ba. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, katangar fili mai ƙafa 50 da 100 kaɗai tana cin wajen bulo dubu biyu, don haka ka san da ita tun farko. In za a buga maka bulo a wurin, buhun siminti kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci tara, a yi ta ba shi ruwa mako guda, don zafin garin nan na busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Kada ka tara siminti ya wuce wata biyu zuwa uku, yana daskarewa. Kuɗin da ya shigo ka mai da shi bulo da rodi. Kuma ka tsara aikin yadda daga linta zuwa rufi zai zo a rani ɗaya, don bangon da ya sha damina biyu a buɗe yana iya lalacewa. Nauyin wannan hanya shi ne kana haya kana gini lokaci guda, shekara uku ko huɗu. Dubu 20 da za ta dawo maka bayan wata takwas, da sabon rancen ƙungiyar ofis in marar ruwa ne, da zinaren uwargida bisa rubutu, su ne jarin farko.

In ka tambaye ni inda na karkata, ga shi. In ofis ya tabbatar da gidan, aka sami tsarin da malaminku ya gamsu da shi, biyan wata bai wuce dubu 61 ba, kuma akwai damar ƙara ɗaki, ka karɓa, ko da sai ka haɗa da kason fansho. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, filinka ya fi maka, kuma kada ka sayar da shi don cike kafin alƙalami sai komai ya tabbata a takarda. Shi kuma mai gidan haya, ka je da dattijon unguwa ku roƙe shi ya karɓi kuɗin bana kashi biyu, wata shida-shida, ka sami sararin numfashi. Amma yau da dare, bayan yara sun kwanta, ka fara da uwargida. Ka gode mata tukun, sannan ka ɗauko takarda da biro ku yi lissafin nan tare, ita ma ta ga dubu 82 da dubu 61 da idonta. Allah ya sa ku tare a naku cikin rufin asiri.